Gumbar Mijin Tsohuwa

A shekarun da aka kwaso gwamnati daga Legas aka juye ta a Abuja, mu mutanen Suleja muka karɓi duk wanda bai samu wurin kwana a can ba. Masinja, direba, mai buga tafireta, mai gadi, kowa ya zo da iyalinsa da katifarsa ya nemi ɗakin haya a unguwar Kwamba. Da sassafe su cika motoci su tafi aiki, 'ya'yansu kuma su cika mana azuzuwa. Ni a lokacin ina koyar da Hausa a aji biyu na wata ƙaramar sakandare, kuma ba zan yi ƙarya in ce aikin yana burge ni ba. Aiki ne dai, na same shi na riƙe.

Ɗalibaina kashi biyu ne. Akwai 'yan gari, waɗanda suke ganin tunda da Hausa suka buɗi baki babu abin da wani malami zai ƙara musu, alhali in ka ce su yi jimla ɗaya ba Turanci a ciki sai gumi ya karyo musu. Akwai kuma 'yan kudu, waɗanda tsarin karatu ya ce sai sun koyi wani harshe ban da nasu. Su a baya suke zama suna kallona kamar mai tallar maganin basir a tasha. Ƙamus ɗaya ne a makarantar gaba ɗaya, yana kulle a kabad ɗin shugaba, mabuɗin yana aljihun shugaba, shugaba kuma kullum ya tafi taro Minna.

Rashin uwa ake uwar ɗaki, sai na ƙirƙiro dabaru biyu na rayu a kansu. Ta farko na kira ta tono. Nakan ce musu kalma doya ce, abin da kake gani a sama ganye ne, sai ka tona ka kai ga saiwa. In rubuta noma a allo, in ciro manomi. In rubuta ɗinki, su ciro maɗinki da ɗinkakke. Ranar da na nuna musu cewa makaranta daga karatu ta fito, masallaci daga salla, mabuɗi daga buɗewa, har 'yan garin nan masu girman kai sai da suka yi tsit, don sun yi shekaru suna faɗin kalmomin ba su taɓa leƙa cikinsu ba. Dabara ta biyu ita ce tambayar maƙwabta. In baƙo ya sauka a gidan haya, ba shi ake tambaya ko wane ne ba, na ɗakin dama da na hagu ake tambaya. Haka kalma take, in ba ka san ta ba ka dubi waɗanda suka zo gabanta da bayanta, su za su tona mata asiri.

Don kada in riƙa wahalar nemo misalai, na ɗora musu aikin. Duk ranar Litinin kowa ya zo da kalma ɗaya da ya tsinta a ƙarshen mako, a kasuwa ko a rediyo ko a bakin wani tsoho, ya faɗe ta a gaban aji tare da maƙwabtanta, mu taru mu tona. Yara suka sa wa abin suna farautar Litinin. Ni kuwa na samu sauƙi, ina zaune kan kujera darasi yana yin kansa.

A zangon farko na wata shekara aka kawo mini wani yaro siriri mai ƙaton kai, wanda rigarsa ta sha guga fiye da ta kowa. Uwarsa ce ta kawo shi, Bayarabiya, Musulma, mai buga tafireta a wata ma'aikata a Abuja. Da Turanci ta yi mini bayani, a tsaye, tana duba agogo. Mijinta ɗan garin nan ne, a Legas suka yi aure, a can aka haifi yaron. Da aka dawo da ma'aikatarsa Abuja suka biyo shi, ba su daɗe ba ya kwanta ciwo, ya rasu. Ita ta kama ɗaki a Kwamba, amma tunda tana fita kafin gari ya waye sosai, ba ta dawowa sai bayan magariba, yaron yana zaune a cikin gari wajen kakarsa, uwar mijinta, sai ƙarshen mako yake zuwa wajenta. Ta ce dangin miji sun roƙe ta ta bar musu shi ya tashi a gidan ubansa, ita kuma ta ce za ta gwada shekara ɗaya ta makaranta. In yaron ya saba, su zauna. In bai saba ba, ta nemi a mayar da ita Legas ta tafi da abinta. Matsalar dai, in ji ta, ko "zo" bai sani ba da Hausa, kakar kuma ba ta jin komai sai Hausa.

Na ce Hausa ba dabo ba ce, zai iya. Haka nake ce wa kowace uwa.

Tsohuwar na san ta, kamar yadda kowa ya san kowa a cikin gari. Gidanta yana kan hanyata ta zuwa makaranta, tana zama a bakin zaure da faifan daddawa da kuka a gabanta, ina gaishe ta in wuce. Marigayin shi ne ɗanta na fari, kuma shi kaɗai ne namiji a cikin waɗanda ta haifa da kanta. Wannan yaro shi ne abin da ya rage mata daga gare shi.

Yaron ya ba ni mamaki. Maƙwabta ba su dame shi ba, amma tono ya shiga ransa. Irin yaran nan ne masu son lissafi, waɗanda in ka ba su ƙa'ida suke riƙe ta kamar igiyar rijiya. Kafin zango ya yi nisa, in na rubuta gini sai ka ji muryarsa daga baya yana cewa magini, ginanne, da wani irin lafazi da ke sa 'yan gari dariya, amma yana riga su. Wata rana har ya tsaya yana mini gardama cewa masara dole mai saran itace ce, tunda ga sara a cikinta. Na ce masa ba kowane rami ake samun doya ba, ya zauna bai gamsu ba.

Kalmarsa ta farko a farautar Litinin ita ce malalaci. Ya miƙe ya faɗe ta, ya tona da kansa: lalaci, wato mai ƙin aiki. Na ce madalla, a tafa masa. Litinin ta gaba ya zo da matsoraci. Ta gaba, maɓarnaci. Sannan makwaɗaici, wadda ta ba shi wuya har sai da na taimaka masa ya ciro kwaɗayi. Ni abin da na gani kawai kyawawan misalai ne, masu saiwa ɓaro-ɓaro, irin waɗanda malami yake so. In na ce ina maƙwabtan kalmar, sai ya ce bai kama su ba, an yi maganar da sauri. Ban matsa ba, don yaron da ya zo jiya ba za ka ce ya kamo jimla sukutum ba.

Haka muka tafi har aka yi hutu aka dawo. Sai ranar da ya kawo marowaci, ya tona ya samu rowa, ya tsaya bai zauna ba. Na lura fuskarsa ba ta mai jiran tafi ba ce.

Na ce, "Kai wai a ina kake samo waɗannan kalmomin? Duk farautarka ba ka taɓa kamo abin kirki ba."

Ya ce, "A gida, Malam."

"Wa yake faɗa?"

"Kaka."

"Da wa take?"

Ya nuna ƙirjinsa da yatsa. Sannan maganar ta ɓalle masa, Hausa ta ƙare ya koma Turancin Legas. Ya ce tun ranar da ya sauka a gidan, safe da yamma, da waɗannan kalmomi take karɓarsa. Da bai san ma'anarsu ba yana murmushi yana cewa na gode, yanzu da ya iya tono ya san duk zagi ne. Ya ce kuma abin da ya fi ci masa rai, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko sau ɗaya. Jikokinta na wajen 'ya'yanta mata duk tana kiransu da suna, shi kuwa sai dai "kai wannan" ko "maigida", kamar wani ɗan haya.

Kafin ya rufe baki 'yan gari sun fara tuntsira dariya, wasu har da dukan benci. Yaron ya juya yana kallonsu, ya ɗauka da shi suke. Na buga tebur da dasta aka yi shiru.

Na ce, "Sunan wa aka sa maka?"

Ya ce sunan kakansa, uban babansa.

Wata yarinya 'yar unguwar Chaza, wadda bakinta ba ya iya zama a rufe, ta ce, "To ai shi ke nan! Sunan mijinta ne da kai, ta yaya za ta faɗa? Ko babanka ma ai ba ta kiran sunansa in shi ne na fari. Kunya ce, ba ƙi ba ce."

Na ce ta bari mu bi ta hanyar darasi. Na sa shi ya dawo gaban allo, na ce yau sai ya kawo maƙwabta, kuma maƙwabcin kalma ba lalle ne ya zama kalma ba. Lokacin da ta ce maka makwaɗaici, me ke hannunta? Ya yi tunani, ya ce kwano. Wane kwano? Wani tsohon kwanon sha mai ɓantararren fenti, nata ne, a ciki take ba shi abinci. Me ke cikin kwanon? Tuwo da miya. Sai me? Ya ce in ya ci ya kai ƙasa yakan tarar da nama a binne a ƙarƙashin tuwon. Sauran yaran gidan suna samu? Ya ce bai sani ba, su a tire ɗaya suke ci. Ita kuma tana ina in kana ci? Tana zaune kusa da shi tana kore masa ƙuda da mafici, tana ta faɗa.

Na juya ga aji na ce, "To, maƙwabta sun yi magana. Me suka ce?"

Ranar ban koyar da komai ba, yara suka karɓe darasin. Kowa yana so ya ba da labarin kakarsa. Wannan ya ce tasa tana ce masa mijin banza mai ƙaton ciki, ba noma ba cefane. Wancan ya ce tasa kullum sai ta ce ya sake ta ta huta, ta samu wani mijin mai mota. Suka yi masa bayani cewa jika namiji mijin kakarsa ne na wasa, kuma iyakar son da take maka iyakar zagin da za ka sha. Suka ce laifinsa ɗaya, ba ya ramawa. Wasan jika da kaka hannu biyu ne, in ta jefo kai ma ka jefa. Ka ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe. Ka ce mata ta ƙi mutuwa ta hana ku cin gumba.

Ya tambayi mene ne gumba. Na ce gero ne ake jiƙawa a daka da sukari a dunƙula, a raba sadaka in an yi rasuwa, kuma in tsoho ne ya mutu jikoki ne suke wawashe ta. Yaron ya zaro ido. Ya ce a gidan su mamarsa in za ka gaida tsohuwa sai ka kwanta rub da ciki, ya za a yi ya dubi uwar babansa ya tambaye ta yaushe za ta mutu? Ya rantse ba zai iya ba. Aka sake yin dariya, wannan karon har da shi kaɗan.

Da aka tashi ya tsaya a bakin ƙofa har kowa ya fita. Ya ce, "Malam, na riga na gaya wa mama." A lokacin hutu, in ji shi, ya zaunar da ita ya jera mata kalmomin ɗaya bayan ɗaya, kowace da saiwarta da fassararta, yadda na koya masa, ya ce shi Legas yake so. Ta yi kuka, ta ce ba za ta bar ɗanta maraya a gidan da ake zaginsa ba.

Na ce ya je ya warware mata, ai magana ce. Na ɗauki jakata na tafi gida, don ni ba na shiga sharo ba shanu, kuma harkar gidajen ɗalibai ba ta cikin abin da aka ɗauke ni in yi.

Ashe uwar ba ta tsaya a kuka ba. Ta shigar da takardar neman komawa Legas, ta kuma je ta sami wani ƙanen marigayin, ɗan wani ɗakin, wanda yake jin Turanci, ta ce ya gaya wa tsohuwa cewa yaron ya ji duk abin da take faɗa masa, kuma ya ce ba ta ƙaunarsa. Shi kuma maimakon ya yi dariya ya kashe maganar a nan, sai ya ɗauke ta ɗungurungum ya kai. Akwai mutanen da in ka aike su da wuta ba sa yayyafa mata ruwa a hanya.

Litinin ta gaba da aka zo kansa a farauta, ya miƙe ya ce bai samo komai ba. Na ce a gidan naku an daina magana ne? Ya ce ana yi. Sannan ya faɗa da Hausa, a hankali, yana zaɓen kalmomi:

"Yanzu tana cewa, sannu da zuwa. Tana cewa, an dawo lafiya? Tana cewa, ga abinci nan, a ci lafiya."

Wani daga baya ya ce to ai ka huta. Yaron bai kula shi ba. Ya ce an daina ba shi abinci a tsohon kwanon, yanzu a farantin tangaran ake zuba masa, wanda ake cirowa daga kabad in an yi baƙi. Naman kuma a sama ake ɗorawa, inda kowa zai gani. In ta ajiye masa sai ta koma bakin zaure wajen daddawarta. Ban tambaye shi me maƙwabta suka ce ba, shi ma bai jira in tambaya ba. Ya ce, "Na zama baƙo, Malam," ya zauna. A matsayina na malami, ban taɓa samun ɗalibin da ya yi amfani da dabarata daidai kamar yadda ya yi a ranar ba, kuma ban ji daɗin hakan ba ko kaɗan.

Ya yi ƙoƙari wajen uwarsa, har ya jawo ta makaranta wata Juma'a da ta dawo da wuri. Na yi mata bayanin wasan kaka da jika, da kunyar suna, da naman da ake binnewa. Ta saurara har na gama, ba ta duba agogo ba. Ta ce ta yarda, kuma ta ji kunya. Amma takarda ta riga ta fito, an ba ta wuri a ofishinsu na Legas, ta kuma sanar da mai gidan haya. Ta ce ko ba wannan ba, Malam, ta gaji. Kullum a mota, ba uwa ba 'yar'uwa, in ta kwanta ciwo babu mai ba ta ruwa, kabarin mijinta ne kawai a garin nan. Ba za ta iya tafiya ta bar ɗanta ba, ba za ta iya zama ba. Ban ga laifinta ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba.

Ita kuwa tsohuwar, wata safiya da na tsaya gaishe ta sai na karya dokata na ɗan taɓa maganar.

Na ce, "Iya, yaron nan fa rashin sani ne. Yanzu ya gane, yana ta nadama."

Ta ci gaba da jera ƙullin daddawa a faifai. Ta ce, "Wane yaro?"

"Maigidan naki."

"Ni ina na ga maigida, Malam? Ɗan mutane ne aka ba mu aro. An ce muna zaginsa, mun bari. Ai ba a wasa da baƙo." Ta ɗago ta dube ni, idonta a bushe. "Wancan ma da ya tafi, uban nasa, ban taɓa kiran sunansa ba har aka fita da shi. Ko shi ma ya ɗauka ƙinsa nake yi?"

Na ce a'a, shi ai ɗan gida ne, ya sani. Ta ce to, Allah ya ba da sa'ar aiki. Na wuce.

Sauran makonnin zangon haka suka tafi. 'Yan aji suna ta zuga shi ya tsokane ta, ya ce sau da yawa yakan zo bakin zaure da maganar a bakinsa, in ta ce masa sannu da zuwa sai ya fasa, ya durƙusa ya gaishe ta ya shige. Ita tana jiran ya fara, shi yana jiran ta fara. A jarrabawar ƙarshen shekara shi ya zo na ɗaya a Hausa cikin 'yan kudu, ya kuma wuce fiye da rabin 'yan gari.

Ranar tafiyarsu na je tasha, ba don rakiya ba, sai don shugaba bai sa hannu a sakamakon yaron da wuri ba, ni aka bar wa in kai. Na same su an gama ɗaure kaya a doguwar motar Legas. Tsohuwar tana tsaye gefe guda da mayafinta, ita da wata jikarta, ba ta matso ba. Uwar ta je ta durƙusa har ƙasa a gabanta, suka yi sallama kowa da harshensa. Yaron ma ya durƙusa. Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, Allah ya yi albarka," kamar yadda za ta ce wa ɗan maƙwabta. Ya tashi ya shiga mota ya zauna jikin taga.

Direba ya tayar da inji, 'yan kamasho suna ta bubbuga jikin mota, masu burodi da masu ruwan leda suna bin tagogi. Motar ta fara motsi. Sai na ga ƙaton kan nan ya leƙo ta taga har kafaɗa, ya ɗaga murya iyakar ƙarfinsa da lafazinsa na Legas:

"Ke tsohuwa mai ran ƙarfe! In kin mutu a ajiye mini gumbata!"

Wani Bayarabe da ke tsaye kusa da ni, wanda da alama yana jin Hausa, ya riƙe baki. 'Yan kamasho suka fashe da dariya. Tsohuwar ta tsaya kamar ba ta ji ba, har motar ta kai bakin ƙofar tasha. Sannan ta yi taku biyu gaba, ta ɗaga hannu ta yi masa daƙƙuwa.

"Ja'iri! Makwaɗaici! Miji ya gudu ya bar mata da yunwa, marowacin banza! Ka dawo ka ga in zan buɗe maka ƙofa!"

Muryar tsohuwa ce, ga ƙarar inji, ga hon, motar kuma ta riga ta hau titi. Ta tsaya tana haki, hannun yana sama. Da ta sauke shi sai ta juyo ta gan ni.

"Malam, ya ji kuwa?"

Na ce ya ji. Gaskiyar magana ban sani ba, na dai ga kan yana waje har motar ta sha kwana.

Na ci gaba da koyarwa, farautar Litinin ta ci gaba, wasu yaran suka tafi wasu suka zo. Ina wucewa ina gaishe ta, ba ta taɓa tambayata labarinsa ba, ni ma ba ni da shi. Ƙanen marigayin ya ce uwar ta rubuto sau ɗaya da farko, daga baya aka ce sun tashi daga unguwar da suka sauka, shi ke nan. A zamanin ba waya a hannun kowa, in mutum ya shige Legas ya shige.

Bayan 'yan shekaru tsohuwar ta rasu, da damina. Na je jana'iza na yi gaisuwa kamar kowa. Ranar sadakar uku ina cikin aji sai ga jikar nan tata da ta raka ta tasha, ta girma, ta yi sallama a bakin ƙofa da kwano a rufe da faifai. Tsohon kwanon sha ne mai ɓantararren fenti. Na buɗe na ga gumba, dunƙule manya-manya.

Yarinyar ta ce, "Iya ce ta bar sallahu. Ta ce in ta cika a cire rabon maigidanta kafin sauran jikoki su taɓa, a kawo wa malamin Hausa. Ta ce kai ka koya masa rashin kunya, kai ka san inda za ka same shi."

Ta tsaya tana jiran kwano. Gumbar sadaka ba a ajiye ta, sai na bi benci-benci na gutsura wa yara, suka ci suna murna, ba wanda ya san mai gumbar a cikinsu. Dunƙule ɗaya na naɗe a takarda na sa a aljihun teburina, ban san dalili ba, don ba ni da adireshin da zan aika. Na miƙa wa yarinyar kwanonta, muka koma kan darasi.

Da na buɗe aljihun teburin ranar Litinin, tururuwa sun riga ni.